Abin da Na Hango Daga Bisa Giru

Har na haihu da ƴarta ban san kamannin fuskar surukata ba. Wanda bai san mu ba zai ce ƙari nake yi, amma wallahi da mun gamu ranar kasuwa zan iya taka mata ƙafa in ba ta haƙuri in wuce. Muryarta na sani, da tarinta, da ƙamshin turaren wutarta, da ƙafafunta masu baƙin lalle da nake gani ta ƙarƙashin asabari. In na je gaisuwa tun daga zaure nake tuɓe takalmi, in durƙusa a bakin ƙofar ɗakinta, ita tana ciki, asabari a sauke tsakaninmu. Ta ce mini wushe, wato sannu da harshensu na Barbarci, in amsa da tawa Hausar, ta tambayi aiki, ta sa mini albarka, in tashi. Hajja muke ce mata. Ita kuwa ba ta taɓa kama sunana ba, "Malam" take cewa, ni da ko izu biyar ban haɗa ba. In dai ina cikin gidan ko ruwa ba ta sha, balle ta kai loma baki.

Ni mutumin Damagaram ne. Na zo Diffa ina saurayi da ƴar kamarar hoto rataye a wuya, ina ɗaukar hoton katin ɗan ƙasa a bakin kasuwa, bayana wani shuɗin ƙyalle da rana ta cinye. Lokacin da manoman bakin kogin Komadugu suka sayar da tattasai, nan nake samu, don kowa sai ya zo ya yi hoto da sabuwar rediyonsa ko sabon babur. Da haka na tara na tsallaka Maiduguri na sayo kamarar bidiyo. Daga nan biki ya zama gonata, daga Maine har Bosso ba inda ban je ba.

To, sana'ar nan cikin mata take shigar da mutum, kuma shi ne abin da ya kusa hana ni aure. Da na nemi matata, mahaifinta ya ce shi ba zai ba da ƴarsa ga baƙo mai leƙen matan mutane ta gilashi ba. Hajja ce ta tsaya. Ashe ta taɓa lura da ni a wani biki a Baruwa, ta ga duk sanda mayafin wata ya zame sai in sauke kamara ƙasa har ta gyara. Ta ce wa mijinta, "Yaron nan idonsa na da linzami. In ya ba mu kunya, ni ka kama." Matata ce ta ba ni labarin bayan aure, kuma na daɗe ina tinƙaho da maganar nan a zuciyata. Da aka haifa mana ƴa mace, na sa mata sunan Hajja, muke kiranta Hajja ƙarama.

A shekarun da manyan motocin kamfanoni suka fara ratsa garin suna yin arewa wajen aikin mai, a lokacin ne maganar bedin Alhaji ta taso. Alhajin nan dillalin tattasai ne, gidansa na unguwa ɗaya da na surukaina, gidaje kaɗan ne tsakani. A tsakar gidansa akwai wani tsohon bedi, wanda wasu ke ce wa dogon yaro, mutum biyu ba su rungume shi. Gara ta cinye cikinsa, iskar farkon damina ta tsaga shi, ya kwanto bisa ɗakunan iyalinsa. Masu gatari suka zo suka kewaya shi suka ce su ba su iyawa, duk inda aka kayar da shi ɗaki zai danne. Sai Alhaji ya yi magana da wani kamfani da ke da zango a bayan gari, aka ba shi hayar motar ɗaga kaya ta wuni ɗaya, wadda muke ce wa giru, ƴan ƙetaren kogi su ce kiren.

Alhaji na da ɗa yana karatu a ƙasar waje, kuma a ƙarƙashin bedin nan ya girma. Shi ya buga waya ya ce a ɗauki aikin a bidiyo a sa mishi a intanet ya gani. Lokacin an buɗe sibar a garin, ɗaki ɗaya mai kwamfutoci da fanka, na wani mutum da ya zo daga Yamai. Ni dai ban san yadda abin yake tafiya ba, amma da aka ce mini har Turawa za su iya kallon abin da na ɗauka, kai, sai na ji kaina ya yi girma. Na ce da matata ta kai yarinya gidansu ta wuni can, ita ta je asibiti awo, ni yau aikina na duniya ne. Ta ce, "To, mai duniya, Allah ya sa ka dawo da kuɗin cefane."

Da hantsi motar ta shigo lungun da baya, tana ƙara, yara na bin ta, tsofaffi na salati. Ta kafa ƙafafunta na ƙarfe a ƙasa, ta miƙa wuyanta ta bisa katanga. Kafin kowa ya taka itacen, babban masu saran ya yi abin da aka saba. Ya haɗa hannu a baki ya juya gabas da yamma yana cewa, "A kimtsa, za a hau bisa! Mata a kimtsa, za a hau bisa!" Haka ake yi a nan ko jinka mutum zai gyara, don gidajenmu a buɗe suke ta sama, makewayi ma ba rufi. Aka kuma aika gidajen da ke jikin katangar Alhaji aka faɗa musu. Iyakar inda mai hawa bedi zai iya hangowa ke nan, kuma ba wanda ya yi tunanin abin da ya wuce haka, don ba a taɓa hawa abin da ya fi itace tsawo a unguwar ba.

Aiki ya yi kyau, ba zan ɓoye ba. Mutum ɗaya ya hau da zarton inji, a ɗaure reshe da sarƙa, ya yanke, giru ya ɗaga shi cak ya tsallakar da shi ta bisa ɗakuna ya ajiye a titi kamar an ajiye kwano. Na ɗauki wannan daga ƙasa har wuyana ya ƙage. Amma daga ƙasa ganye kawai kake gani da ƙafafun mai yanka. Sai shaiɗan ya raya mini wata dabara. Akwai wani kejin ƙarfe a bayan motar da ake ɗaga ma'aikata a ciki. Na je wajen direban na ce, "Maigida, ɗaga ni a cikin wancan mana, in ɗauko daga sama."

Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Ka taɓa hawa ko tsani?"

Na ce, "Haba, ni da na ɗauki biki a cikin kwalekwale a Bosso?"

Ya yi dariya ya ce in shiga. Sai da aka tsaya hutu ya maƙala kejin, aka ɗaura mini igiya a ƙugu, na yi bisimilla. Tun ƙafata ba ta wuce tsayin katanga ba tsoro ya kama ni, amma jama'a na kallo, sai na dake. Ya yi ta ɗaga ni, na wuce mai zarto, na wuce kan bedin, na yi sama inda shirwa ke yawo. Direban na so ya gwada ni, ya ƙara, ya kuma juya wuyan motar a hankali.

Tabɗi! Ban taɓa sanin haka Diffa take ba. Ga rufin kwano na walƙiya, ga jan tattasai an shanya a bisa tabarmi a fili, ga layin itatuwan bakin Komadugu can kudu, kore shar. Tsoro ya tafi. Na manna idona ga ɗan allon kamarar ina juyawa sannu-sannu, ina cewa a raina yau Bature zai san akwai gari a nan. Na sauko da kamarar daga kogi zuwa unguwa, kuma a nan ne wani motsi ya ja mini ido a wata tsakar gida. Hannun mai bidiyo ba ya shawara, in ya ga motsi jawo shi yake yi. Na jawo.

Wata tsohuwa ce take rawa. Kanta ba ɗankwali, furfura fari fat, rabi a tsefe rabi a kitse, zani ɗaya ɗaure a ƙirji. Ta riƙe murfin tukunya tana kaɗa shi da ludayi, tana karkaɗa kafaɗu, tana tafiya da baya-baya tana turo baki. Ta iya ƙwarai, ni da na ga rawa iri-iri na faɗa. A gabanta wata ƴar yarinya na zaune bisa tabarma tana ƙyalƙyala dariya har tana faɗuwa. Ni ma murmushi nake yi. Na tsaya a kansu, na gyara hoton ya fito tas, na ce wannan ya fi bedin kyau. Sai yarinyar ta juyo, na ga rigar da ke jikinta. Ni na sayo rigar nan da hannuna a Maine, ja mai ɗigon fari. Hajja ƙarama ce.

Innalillahi. Ashe surukata nake ɗauka. Kamarar ta yi sama ta yi ƙasa, ta ɗauki gajimare, ta ɗauki takalmina. Na durƙushe a cikin kejin na rufe fuska, irin durƙuson da nake yi a bakin ƙofarta, ina ta kaɗa hannu a sauke ni. Da na iso ƙasa jama'a suka fashe da dariya, direban na cewa ga jarumin kwalekwale ya ga sama ya tuba. Na bar su a haka, har daɗi na ji da suka ɗauka tsoro ne. Hajja kuwa ba ta ɗago kai ba, ba ta san an yi ba.

Aka ci gaba da aiki, aka yanke gangar jikin gunduwa-gunduwa, aka fitar, ba ko bulo ɗaya da ya faɗi. Na ɗauka duka, amma ban san abin da nake ɗauka ba. Abin yi a fili yake, ko yaro ya sani. In mayar da kaset baya, in nemo wurin, in rufe bakin kamara in ɗauki duhu a kansa, shi ke nan. Na zauna a bayan motar na buɗe allon zan yi. Amma kafin ka goge wuri sai ka kalle shi, ka ga inda ya fara da inda ya ƙare. Na farko ban sani ba na kalla. Yanzu kuma in zauna da gangan, da sanina, in kalli uwar matata da ɗaurin ƙirji? Na danna, hoton kogi ya fito, na san abin da ke biye, na rufe allon da sauri. Na sake gwadawa ido a rufe, na ga ba ta yiwuwa, zan iya goge aikin Alhaji in bar abin da nake gudu.

Alhaji kuwa ya matsa, ɗansa na jira. Da yamma na kai kaset ɗin sibar, mai wurin ya jona kamarar da kwamfutarsa. Na ce mishi, "Akwai wani wuri da nake sama, kamara ta kauce. Ka yanke shi, don Allah, kar ka bar ko kaɗan."

Ya ce, "Ba matsala. Zauna ka nuna mini."

Na zauna. Akwai mutane a ɗakin, wasu sun taso sun tsaya a bayanmu suna kallon giru. Ga ni ina shiga keji, ga rufin gidaje, ga kogi. Abin da ya kamata in ce kalma uku ce, surukata ce, yanke. Amma ta yaya zan buɗe baki a gaban ƙattin nan in nuna allo da yatsa in ce ga ta nan? Na miƙe na ce la'asar na wuce ni, zai gane wurin da kansa, a fili yake. Na fita ban ko waiwaya ba.

Ya kuwa yanke, bawan Allah. Ya yanke inda kamara ta ɗauki gajimare da takalmina. Washegari da na je karɓar kayana ya ce an sa, ya kwana yana turawa don layin ba ƙarfi, kuma ɗan Alhaji ya gani ya yi murna. Na ce, "Ka cire wurin?" Ya ce, "Tas." Na so in ce a nuna mini, kunyar nan dai ta sake riƙe ni. Na ce madalla, na tafi gida na ci tuwo.

Ba Turawa ne suka kashe ni ba, ban ma san ko Bature ɗaya ya kalla ba. Samarin da ke zama a sibar ne suka tsinke guntun rawar suka zuba a wayoyinsu, wani ya ɗora mata kiɗa. Lokacin an fara yayin wayoyi masu tura wa juna abu in an kusanta su. Kafin wani lokaci tsohuwa mai murfin tukunya ta shiga tashar mota, ta shiga wajen ƴan kabu-kabu, ta tsallaka kogi. Maza ba su san ko wace ce ba, dariya kawai suke yi. Ni kuma ina nan ina yawona ban san komai ba.

A wani biki na sani. Ina cikin ɗaukar ƴan uwan amarya, na ga waya na yawo hannu zuwa hannu a cikin mata, ana dariya. Ta isa hannun wata dattijuwa, ta duba, ta daina dariya, ta ce wani abu da Barbarci. Sai na ga mata suna jan mayafi suna rufe fuska ɗaya bayan ɗaya, duk inda na juya kamara a ba ni ƙeya. Uwar amarya ta aiko aka ce mini ya isa haka, an gode.

Na tarar da matata zaune a tsakar gida ba ta ɗora tukunya ba. Ba ta yi ihu ba, da ma ta yi. Ta ce, "Kai ka ɗauka?" Na ce ni ne, amma ban sani ba, kuma na ce a yanke. Na yi ta zuba, ina zagin mai sibar, ina zagin direba, har da mai shelar a kimtsa da bai ɗaga murya sosai ba. Ta bari na gama sannan ta ce, "Ka faɗa mishi ko wace ce?" Na ce a'a. Ta ce, "Kunya ka ji?" Na ce e. Ta ce, "To, sannu da kunya." Ta tashi ta shige ɗaki.

Na je na sa mai sibar ya cire shi daga intanet, a ranar kam bakina ya buɗe, na faɗa mishi komai a gaban kowa. Ya riƙe kai ya ce me ya hana ni faɗa tun farko. Amma na cikin wayoyi ba mai iya kwashe shi. Na ji labarin mahaifin matata ya daina zama a dakalin ƙofar gida, kuma ya ce wa Hajja magana ɗaya tak, "Ga linzamin naki." Wannan ta fi komai ci na. Matar da ta sa bakinta a kaina lokacin da ba ni da kowa a garin, ita na kai tasha ana kallo.

Na daɗe ban taka gidan ba. In na hango lungun sai in canza hanya. Daga baya matata ta ce ƙaurace wa ɗin ma wani laifin ne, in je ko zagina za a yi a yi. Na sa babbar riga wata safiyar Juma'a, na tafi ina haɗa kalmomin ban haƙuri a hanya, ina warwarewa. Na yi sallama, na tuɓe takalmi a zaure, na shiga kaina a ƙasa, na durƙusa a wurin da na saba.

Ban ga inuwar asabari a ƙasa ba. An naɗe shi an ɗaure a saman ƙofa. Hajja na zaune a bakin ƙofar, a waje, taku biyu tsakanina da ita, da mayafinta, ga kwanon ɗumame a gabanta. Na ƙara sunkuyar da kai har haɓata na taɓa ƙirji. Na fara, "Hajja, na zo ne..."

Sai ta kira sunana. Sunana na yanka, gatsau, yadda ake kiran yaron da za a aika sayen gishiri. Ban taɓa jin sa a bakinta ba, har na ɗauka wani ake kira.

Ta ce, "Ɗago kanka mana. Me ya rage?"

Ba faɗa a muryarta, ba kuka. Na ɗago don ba ni da yadda zan yi. Ta dube ni ido cikin ido, ta tambayi aiki, ta tambayi jikin matata, ta ce an dai sauke itacen Alhaji lafiya ko. Na ce lafiya lau. Ta ce madalla. Ta jawo kwanon, ta gutsuri tuwo, ta dangwali miya, ta kai baki tana tauna a gabana. Ni kuwa hawaye ne suka zubo mini, ƙato da ni, na rasa inda zan sa idona.

Hajja ƙarama ta fito daga ɗaki da gudu riƙe da murfin tukunya da ludayi, ta tura mata a cinya tana cewa, "Kaka, yi! Kaka, yi!" Hajja ta ɗaga kai ta dubi sama, ta bisa katanga, inda ba komai sai rana. Ta karɓi murfin ta kife shi a kan kwano ta ce, "Ƙafata na ciwo, uwata. Je ki wajen babanki."

Ta yafe mini, ta faɗa da bakinta daga baya, kuma ita ta hana mijinta ya ɗauke ƴarsa. Mata ma sun dawo suna kirana biki, sannu a hankali. Amma asabarin nan bai sake sauka don ni ba har ta bar duniya. Sauran surukanta maza biyu in sun zo gaisuwa, da ta ji sallamarsu sai ta ajiye abin da take ci ta shige ɗaki ta sauke shi, ta ce musu Malam. Ni in na zo tana zaune a waje, ta kira sunana, wani lokaci har ta miƙo mini gyaɗa daga cikin wadda take ci. Baƙi in sun gani sukan ce kai, wannan suruki ɗan gata ne, Hajja ta mayar da shi ɗan cikinta. Sai in ce musu haka ne, in karɓi gyaɗar.